Garkuwar Jikin Ɗan Adam da Cututtukan da Ke Kama Ta

Tun bayan annobar korona ta 2020 maganar garkuwar jiki ta fita daga azuzuwan ɗaliban likitanci ta shiga kasuwa, har ya zama da wuya a saurari tallan magani a rediyo ko a lasifikar motar masu magani ba tare da an ji alkawarin cewa yana ƙara ƙarfin garkuwa ba. Wannan talla ya ginu ne a kan fahimtar da ta yaɗu cikin jama'a cewa garkuwa fuska ɗaya gare ta, ko dai ta yi ƙarfi mutum ya zauna lafiya, ko ta yi rauni ya kwanta ciwo. Abin da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa lafiyar garkuwa ta rataya a kan wasu abubuwa biyu da ƙarfi kaɗai ba ya kawo su, wato iya rarrabe abin da yake na jiki da abin da yake baƙo, da kuma iya tsayawa idan aiki ya ƙare. Garkuwar da ta yi rauni tana buɗe ƙofa ga cututtuka, amma wadda ta wuce gona da iri ita ma tana kisa, wani lokaci cikin 'yan mintuna, wani lokaci kuma a hankali cikin shekaru.

Yadda garkuwa take aiki

Garkuwar jiki ba gaɓa ɗaya ba ce da za a nuna da yatsa kamar hanta ko ƙoda, tarin ƙwayoyin halitta ne da sinadarai da ke warwatse a ko'ina cikin jiki suna aiki tare. Shingen farko shi ne fata, da majinar da ke lulluɓe hanci da hanyoyin numfashi, da hawaye, da ruwa mai tsami da ke cikin tumbi, kuma yawancin ƙwayoyin cuta a nan suke halaka ba tare da mutum ya san sun zo ba. Waɗanda suka tsallake wannan shinge su ne ke gamuwa da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ɓargon ƙashi ke samarwa ba dare ba rana, kuma baligi mai lafiya yakan ɗauki tsakanin 4,000 zuwa 11,000 daga cikinsu a kowane maikurolita na jini, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita. Wasu daga cikinsu, kamar nutrofil da makrofaj, aikinsu shi ne haɗiye duk baƙon da suka tarar su narkar da shi, lamarin da masanin Rasha Elie Metchnikoff ya fara bayyanawa a 1882. Mugunyar da ke fita daga maruru galibinta gawarwakin waɗannan ƙwayoyi ne, haka kuma kumburi da zafi da jan da ake gani a bakin rauni alamu ne na cewa jini ya ƙaru a wurin domin kai su fagen aiki.

Rukuni na biyu na fararen ƙwayoyin jini, wanda ake kira limfosait, ya fi jinkirin tashi amma ya fi iya saiti. Nau'insa na B yana ƙera wasu sinadarai da ake kira antibodi, kowanne an yi shi daidai da siffar baƙo guda, yana manne masa ya hana shi aiki ko ya yi masa alama domin a kashe shi. Nau'insa na T kuwa wasu suna kashe ƙwayoyin jikin da bairos ya shiga, wasu kuma suna ba sauran umarni. Waɗannan ƙwayoyi suna taruwa a saifa da kuma a wasu ƙananan ƙululai da ke wuya da hammata da matsematsi, kuma kaluluwar da ke fitowa mutum idan ya ji ciwo a ƙafa ba wani abu ba ce illa ɗaya daga cikin ƙululan nan da ya kumbura saboda limfosait suna hayayyafa a cikinsa. Bayan an ci galaba wasu daga cikinsu sukan zauna shekaru suna riƙe da siffar baƙon, kuma a kan wannan tunawa ne aka gina allurar rigakafi tun daga gwajin Edward Jenner na 1796, wanda ya kai ga shelar kawar da agana daga duniya a 1980.

Sai dai abin da ya fi muhimmanci ga wannan bayani shi ne horon da limfosait na T ke samu kafin a sake su cikin jini. A bayan ƙashin ƙirji akwai wata ƙaramar gaɓa mai suna taimos, wadda take da girma a yara tana kuma shanyewa da manyanta, inda ake gwada kowace ƙwaya, a kashe wadda ba ta iya gane komai, a kuma kashe wadda ta nuna alamar za ta far wa naman jiki, har fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa fita da rai. Mai gadin da bai san fuskokin 'yan gida ba ya fi ɓarawo haɗari, shi ya sa jiki yake yin wannan asara mai yawa da gangan. Duk da haka wasu masu haɗari sukan sulale, kuma akwai wani nau'i na musamman da ke bin su yana danne su, wanda Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana a 1995, binciken da ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka.

Raunin garkuwa

Idan aka ambaci raunin garkuwa, abin da ke fara zuwa a ran yawancin mutane shi ne ƙanjamau, wadda ake kira sida a Nijar. An fara ba da rahoton cutar a Amurka a watan Yuni na 1981, masana a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka ware ƙwayar HIV da ke haddasa ta a 1983, Najeriya kuma ta sanar da samun ta a 1986. Illar wannan bairos ita ce yana shiga cikin limfosait masu ba da umarni, waɗanda ake kira CD4, yana hayayyafa a cikinsu yana kashe su a hankali. Mai lafiya yakan kasance da tsakanin 500 zuwa 1,500 a kowane maikurolita, kuma idan adadin ya faɗi ƙasa da 200 sai cututtukan da jiki ya saba dannewa su taso, musamman tarin fuka, wanda shi ne ya fi kashe masu ɗauke da ƙwayar, da farin ƙura a baki da maƙogwaro, da gudawar da ba ta tsayawa, da wani nau'in sanƙarau da naman gwari ke kawowa. Ƙidayar ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ta nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan gaba ɗaya, kuma shiyyar Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci. Tun daga 1996, lokacin da aka fara haɗa magunguna uku a lokaci guda, cutar ta tashi daga hukuncin kisa ta koma ciwon da ake rayuwa da shi, domin ƙwaya ɗaya a rana tana iya danne bairos ɗin har gwaji ya kasa ganin sa, wanda ya kai wannan matsayi kuma ba ya sa wa abokin aurensa. Uwar da ba ta shan magani tana iya ba jaririnta ƙwayar a kashi 15 zuwa 45 cikin 100 na haihuwa, amma da magani adadin yakan sauka ƙasa da kashi 5.

Da yake ƙanjamau ta cika kunnuwa, sai aka manta cewa abin da ya fi kowane abu karya garkuwar ɗan Adam a duniya shi ne yunwa. Antibodi furotin ne, ƙwayoyin jini kuma ba sa hayayyafa sai da furotin da zinki da ƙarfe da bitamin A, saboda haka yaron da tamowa ta kama taimos ɗinsa yakan shanye, fatarsa da bangon hanjinsa su yi sirara, har ma jikinsa ya kasa yin zazzaɓi ko da cuta ta yi masa katutu. Wannan ne dalilin da ya sa a cibiyoyin kula da tamowa ake ba yaro maganin kashe bakteriya ko da bai nuna alamar ciwo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna da nasaba da ƙarancin abinci mai gina jiki, ko da yake a takarda gudawa ko ciwon huhu ake rubutawa. Mafi munin shaida a kan haka ita ce cutar noma, wadda a yankin Sakkwato ake kira ciwon iska, inda bakteriyar da ke zaune lafiya a bakin kowa take samun dama ta cinye dasashi da kumatu da leɓen yaro mai shekara biyu zuwa shida cikin 'yan makonni, kuma idan ba a yi magani ba tana iya kashe tara cikin goma. An buɗe asibiti na musamman domin ta a Sakkwato a 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Ƙwayar cutar ba baƙuwa ba ce, garkuwar yaron ce ta rushe.

Sau da yawa abin da ke share wa noma hanya shi ne ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, kuma ya kamata a tsaya a kanta domin al'ada ta ɗauke ta a matsayin ciwon da kowane yaro zai yi ya wuce. Tun da daɗewa likitoci sun lura cewa yaran da suka warke daga ƙyanda sukan ci gaba da mutuwa da wasu cututtuka har shekara biyu ko uku bayan haka, amma sai a 2019 aka ga dalilin ƙarara, lokacin da aka auna jinin yara 77 a ƙasar Holan waɗanda ba a yi musu rigakafi ba, kafin su kamu da kuma bayan sun warke. An tarar cewa cutar ta shafe tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na nau'o'in antibodin da suka tara a rayuwarsu, saboda bairos ɗin yana kashe limfosait masu tunawa. Ma'anar wannan ita ce yaron da ya tashi daga ƙyanda yana iya komawa kamar jariri a gaban cututtukan da ya riga ya saba da su, allurar da ake yi a wata tara da kuma wata goma sha biyar kuwa tana kare shi daga abin da ya fi ƙyandar kanta yawa.

Akwai kuma sikila, wadda jama'a suka sani da ciwon ƙashi da ƙarancin jini, amma kaɗan ne suka san cewa tana daga cikin manyan masu raunana garkuwa a wannan yanki. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu ita, kimanin jarirai 150,000 a shekara. Jajayen ƙwayoyin jini masu lanƙwasa suna toshe ƙananan jijiyoyin saifa tun cikin shekarar farko, har ta daina aikinta na tace bakteriya daga jini, shi ya sa zazzaɓin da wani yaro zai kwana da shi ya tashi, yaro mai sikila zai iya mutuwa da shi kafin gari ya waye. Wani gwaji da aka buga sakamakonsa a Amurka a 1986 ya nuna cewa ba irin waɗannan yara penisilin kullum yana rage kamuwa da bakteriyar numokokas da kashi 84 cikin 100, kuma magani ne mai arha, sai dai amfaninsa ya fi yawa idan an gano cutar tun yaro yana jariri.

Raunin da ya fi ban takaici shi ne wanda mutum ke saya da kuɗinsa. Magungunan siteroid, irin su deksametason da firednisolon, an yi su ne domin su danne garkuwa idan ta yi yawa, kuma a hannun likita suna ceton rai. Amma a kemis da kasuwanni ana sayar da su ba tare da takarda ba, ana haɗa su cikin abin da ake kira sha ka fashe domin ƙiba, ana zuba su cikin haɗin maganin ciwon jiki, masu ƙarfi daga cikinsu kuma suna cikin mayukan bilicin. Ƙibar da suke kawowa ta kitse ce da ruwa a fuska da ciki, tana tafe da hawan jini da ciwon suga da laushin ƙashi, tarin fuka da ke kwance yana iya farkawa, rauni kuma ya ƙi warkewa. Wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya daina rana ɗaya ba, domin jikinsa ya riga ya rage samar da nasa sinadarin, sai dai likita ya rage masa a hankali.

A gefe guda akwai raunin da ake haihuwar yaro da shi, wanda aka fara bayyana nau'insa na farko a 1952, kuma yanzu an san fiye da nau'i 400. Mafi tsanani shi ne wanda jariri ke zuwa babu limfosait na T masu aiki, kamar David Vetter na Amurka da ya rayu daga 1971 zuwa 1984 cikin rumfar roba da aka tace iskarta, kuma maganinsa shi ne dashen ɓargo. Da yawa daga cikin waɗannan cututtuka ba sa bayyana sai yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba duka, saboda haka sun fi yawa inda auren zumunci ya yi yawa, kuma gidan da jarirai ke mutuwa a jere da ciwon huhu da gudawa cikin shekarar farko ya cancanci bincike fiye da a ce wabi ne kawai.

Idan garkuwa ta wuce gona da iri

A 1902 wasu masana biyu na Faransa, Charles Richet da Paul Portier, suna ƙoƙarin yi wa karnuka rigakafin dafin wata halittar teku, sai suka ga cewa karen da aka taɓa yi wa allurar ya mutu cikin mintuna da aka sake ba shi ɗan kaɗan. Wannan shi ne farkon fahimtar alaji, wato yanayin da garkuwa ke ɗaukar abin da ba shi da illa, kamar ƙura ko gyaɗa ko kifi, a matsayin abokin gaba. Wani nau'in antibodi mai suna IgE, wanda aka gano a tsakiyar shekarun 1960, kuma ake ganin asalin aikinsa yaƙi da tsutsar ciki ne, shi ke manne wa wasu ƙwayoyi da ke ƙarƙashin fata da hanyoyin numfashi, idan abin ya sake shigowa sai su fashe su zubar da sinadarin histamin. Daga nan ne borin jini yake, da atishawa da yoyon hanci, da ƙaiƙayin idon da ke rina farin idon yara ya koma ruwan ƙasa a lokacin zafi da ƙura.

Asma ita ce mafi nauyi a wannan rukuni, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna mutum miliyan 262 ne ke fama da ita, ta kuma kashe kimanin 455,000 a wannan shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Bangon hanyoyin iska na mai asma a kumbure yake ko da ba ya tari, hazon hunturu ko hayaƙin itace ko turaren wuta ko maganin sauro na ƙonawa kuwa suna sa naman da ke kewaye da su ya matse. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne dogaro da abin shaƙa mai buɗe ƙirji nan take, tare da gudun ɗayan da ake shaƙa kullum domin rage kumburin, bisa zaton cewa jiki zai saba da shi. Na biyun ne ke hana mutuwa, kuma ɗan siteroid ɗin da ke cikinsa huhu yake tafiya kai tsaye, bai kai ko kusa da abin da ke cikin ƙwayoyin da ake haɗiya ba.

Mafi gaggawa shi ne anafilaksis, abin da ya kashe karnukan Richet, wanda kan biyo bayan harbin zuma ko allurar penisilin ko wani abinci, inda leɓe da harshe ke kumbura, numfashi ya toshe, jini ya sauka. Maganinsa allurar adirenalin ce a cinya ba tare da ɓata lokaci ba, ƙwayar Piriton ba ta isa ba. Akwai kuma wani martani dabam mai jinkiri da wasu magunguna irin su Septrin da Fansidar da wasu na farfaɗiya ke jawowa ga tsirarun mutane, inda bayan mako ɗaya zuwa uku zazzaɓi ke zuwa, baki da ido su yi gyambo, fata ta riƙa saluɓewa kamar ƙuna. Akan ɗauka ƙyanda ce ko ƙarambau a ci gaba da ba da maganin, alhali dakatar da shi shi ne matakin farko na ceto.

Idan jiki ya juya wa kansa

A farkon ƙarni na 20 masanin Jamus Paul Ehrlich yana ganin cewa jiki yana da hanyoyin da ke hana garkuwa cutar da mai ita, kuma an daɗe ana fahimtar maganarsa da cewa hakan ba ya yiwuwa sam. Yau an san fiye da cututtuka 80 da ke tasowa idan limfosait suka far wa naman jiki, kusan huɗu cikin biyar na masu fama da su mata ne, kuma wani babban bincike da aka buga a 2023 a kan bayanan mutum miliyan 22 a Birtaniya ya tarar cewa kusan ɗaya cikin goma yana da ɗaya daga cikinsu. Gado yana da hannu, haka ma sinadaran jikin mace da wasu cututtukan bairos da shan taba, kuma sunan cutar yana bin gaɓar da aka kai wa hari. Idan ƙwayoyin da ke samar da insulin ne, yaro ya kamu da ciwon suga nau'i na ɗaya, ya riƙa yawan fitsari da ƙishirwa da rama, kuma ba shi da wani magani sai allurar insulin, wadda aka fara yi wa ɗan Adam a Toronto ta Kanada a 1922. Idan ƙwayoyin da ke ba fata launi ne, fararen tabo su fito, waɗanda ba sa yaɗuwa daga mutum zuwa mutum kuma ba kuturta ba ne, domin tabon kuturta ba ya jin taɓi, wannan kuwa yana ji. Idan kuma rufin gaɓoɓi ne, sai a sami amosanin da ke kumbura ƙananan gaɓoɓin yatsun hannu biyu a tare, su sandare da safe fiye da awa guda, wanda ya bambanta da ciwon gwiwa na tsufa, kuma idan aka fara maganin metotireksat cikin watannin farko ana iya hana yatsun karkacewa.

An daɗe ana koyar da cewa waɗannan cututtuka na Turawa ne. Brian Greenwood, likitan Birtaniya da ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, daga baya kuma ya shafe kimanin shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya buga bincike a 1968 da ke nuna ƙarancinsu a tsakanin majinyatan Ibadan, ya kuma kawo hasashen cewa yawan zazzaɓin cizon sauro yana iya danne su. Hasashe ne mai ma'ana wanda har yau ake nazari a kansa, amma ya zama hujjar rashin dubawa ga waɗanda suka zo baya, kuma tun da aka fara samun ƙwararrun likitocin gaɓoɓi a Legas da wasu biranen sai majinyatan suka fara bayyana. Misali mafi bayyana shi ne lufus, cutar da garkuwa ke far wa fata da gaɓoɓi da jini da ƙoda a lokaci guda, wadda tara cikin goma na masu ita mata ne, galibi a shekarun haihuwa, kuma a Amurka ta ninka sau biyu zuwa uku a tsakanin baƙaƙen mata idan aka kwatanta da farare. Alamunta na farko su ne zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ciwon gaɓoɓi, da gajiya, da zubar gashi, da gyambon baki, wani lokaci da ɓari a jere, kuma duk wanda ya san yadda ake duba marasa lafiya a ƙasar Hausa ya san cewa irin wannan mace za ta sha maganin maleriya da na taifot sau da dama, a ce sanyi ne, a ce sammu ne, kafin wani ya tuna ya auna fitsarinta. Abin da zai ba mai sauraro mamaki shi ne ginshiƙin maganinta, haidiroksikulorokwin, daga dangin maganin maleriya ya fito.

Wadda ta fi kowacce kisa a nahiyar Afirka cikin wannan rukuni ita ce cutar zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro. Wata bakteriya mai suna sitireptokokas tana kama maƙogwaron yara masu shekara 5 zuwa 15, kuma wani sashe na jikinta ya yi kama da naman zuciya, saboda haka antibodin da aka ƙera dominta sukan koma kan ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan zuciya bayan mako biyu ko uku, tare da zazzaɓi da ciwon da ke yawo daga gaɓa zuwa gaɓa. Kowane sabon kamu yana ƙara lalata ƙyauren, har sai yarinya ta yi aure ta ɗauki ciki, zuciyar ta kasa ɗaukar nauyin ƙarin jini, kuma a duniya cutar tana kashe fiye da mutum 300,000 a shekara. Cire belu a wurin wanzami ba ya taɓa wannan bakteriya, abin da ke kashe ta shi ne penisilin na kwana goma ko allura guda, wanda kuma ya riga ya kamu sau ɗaya yana buƙatar allurar duk bayan mako uku ko huɗu na tsawon shekaru.

Su kansu ƙwayoyin garkuwa suna iya zama daji, kuma nau'in da ya fi shahara a yaran Afirka shi ne wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, wanda ke tasowa daga haɗuwar wani bairos da aka gano a 1964 da yawan kamuwa da maleriya. Yana cikin masu saurin girma, yana kuma cikin masu saurin jin magani idan aka kai yaro da wuri.

A kan abin da ake tallatawa da sunan ƙara ƙarfin garkuwa, hukuncin ilimi shi ne cewa bitamin da zinki suna gyara garkuwar wanda ya rasa su, amma ba sa ƙara komai ga wanda yake cin abinci isasshe, kuma da a ce akwai maganin da ke zuga garkuwa gaba ɗaya ba tare da saiti ba, da ya zama guba ga mai asma da mai lufus. Kira ga hukumomin kula da magunguna da masu kemis shi ne a daina sayar da siteroid ba tare da takardar likita ba, ga iyaye kuma a kai yaro allurar ƙyanda duka biyu, a kuma gwada jininsa domin sikila tun yana jariri. Ga ma'aikatan lafiya kuwa, macen da ta dawo karo na uku da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi alhali gwajin maleriya bai nuna komai ba, a auna mata fitsari da ƙwayoyin jini, a tura ta gaba, kada a sake rubuta mata maganin taifot.